Abin da Muttaƙa Ya Bari a Tsohon Diski

Shagon Muttaƙa yana unguwar Albarika a Parakou, tsakanin tela mai ɗinkin labule da mai facin taya. A saman ƙofar an rubuta "Docteur des ordinateurs" da jan fenti, wato likitan ordinatar, na'urar nan da wasu ke ce wa kwamfuta. Shi ya rubuta da hannunsa. Babu makarantar da ta taɓa ba shi wannan suna, a Parakou ko a wajenta, amma allon ya shekara goma sha biyu a rataye, har mutane suka gaji suka fara ce masa Dokta.

Ya iya gyara, ba a raba shi da wannan. Sai dai abin da ya fi iyawa shi ne a gan shi yana gyaran. Aikin da danna hoto biyu zai gama, sai ya buɗe baƙin allon nan da ba komai a kansa sai rubutu, ya karkato fuskar na'urar wajen mai kaya, ya gyara zaman tabarau, ya hau buga umarni da ƙarfi kamar maɓallan sun yi masa laifi.

Huɗubarsa guda ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon ya sha ta. Zai buga `ls`, sunayen fayil su jeru.

"Ka ga wannan? Abin da na'ura ta ga damar nuna maka ke nan."

Sai ya buga `ls -a`, jerin ya ƙaru da wasu sunaye, kowanne da ɗigo a gabansa.

"Yanzu fa? Duk sunan da ya fara da ɗigo, ɓoyayye ne. Waɗancan jakunan masu gyara na bakin tasha, in za su kwashe maka kaya sai su sa alamar tauraro, wai tauraro yana nufin duka. Tauraro ba ya ɗaukar mai ɗigo, Alhaji! Sai ka je gida ka tarar rabin rayuwarka ta zauna a tsohon diski. Ni tun da na buɗe shagon nan ban taɓa barin ɗigo a baya ba."

Mai facin taya ya haddace ta. In ya ga sabon baƙo ya shiga, yakan leƙo ya ce, "Dokta, a yi masa ta tauraro."

A Djougou aka haife shi, ɗan Awwalu mai goro. Yana ɗan shekara tara aka kai shi makarantar Malam Ousseini, ya yi shekara goma a can, ya haddace izu arba'in da ɗaya cikin sittin. Daga nan sai ya ga sa'o'insa suna dawowa daga Parakou da waya a aljihu, ya naɗe tabarmarsa ya bi su. Ranar da ya fara neman ɗakin haya, mai gidan ya tambaye shi daga ina, ya ce daga gaban Malam Ousseini. Mai gida ya ce, "Ka sauke ke nan?" Muttaƙa ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai ce e ba, kuma ya daɗe yana lallashin kansa da haka. Bayan shekara biyu ya daina wahalar da kansa, ya koma cewa e kai tsaye. Muryarsa tana da daɗi, kuma in an tura shi gaba a masallaci ya san inda zai ɗebo karatu. Wa zai tsayar da mai murya irin wannan ya ce ya jawo daga izun da bai zaɓa ba?

Shekara shida da suka wuce ya kai wa Malam kyautar ordinatar, wata tsohuwa da mai ita ya kawo gyara bai dawo ba. Mutanen Djougou suka ce ga ɗalibi mai tuna alheri. Shi kuwa ya san abin da yake saye. Hannun Malam ya fara rawa a lokacin, alƙalami ya ƙi zama, saboda haka Muttaƙa ya nuna masa yadda ake ɗaukar murya a ajiye. Kuma da yake ba ya iya haɗiye huɗubarsa ko a gaban malaminsa, ya yi masa ta ɗigo, har ya nuna masa maɓallai biyun da ake dannawa ɓoyayye ya bayyana.

Malam ya ce, "In na sa ɗigon, wanda ya buɗe ba zai gani ba?"

"Sai wanda ya san nema, Allah gafarta Malam."

"To, madalla."

Da daminar bana Malam Ousseini ya rasu. A cikin makonnin nan kuma masallacin unguwar su Muttaƙa ya tashi neman na'ibin liman, kuma shugaban kwamiti, Alhaji Mounkaila, ya ce ai ba sai an je nesa ba, ga Dokta. Abu ɗaya kwamiti ya nema: takarda daga gidan Malam, mai shaida cewa ya sauke hadda a can. Muttaƙa ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Mutum ɗaya ne ya san lissafin izunsa, kuma an binne shi. Har ya kai wa tela farar shadda.

Ranar wata Talata da hantsi Bilkissou ta sauko daga zem, babur ɗin haya, a ƙofar shagon, da ordinatar naɗe cikin sallaya. Ita ce babbar 'yar Malam, ita ke koyar da matan aure, kuma tun kafin rasuwar ita ke riƙe da al'amuran makarantar. Suka yi gaisuwa da ta'aziyya, ya sa aka kawo mata ruwa.

Ta ce, "Yaya Muttaƙa, na'urar nan taka ce ta fara ƙara, ƙas-ƙas, sai ta tsaya cak. Tafsirin Baba na shekara shida yana ciki."

Ya kunna, ya kara kunne. "Diski ne zai mutu. Allah ya kawo ki a kan lokaci. Zan sa sabo, in kwashe miki komai."

"Komai fa, Yaya. Har da na ɗalibai."

"Wane na ɗalibai?"

"Ba ka sani ba? Kowane ɗalibi da ya bi ta hannunsa, sai da ya rufe ƙofa ya yi magana a kansa cikin na'urar nan. Wanda ya sauke, wanda ya tsaya, da inda ya tsaya. Ni ban taɓa gani ba, na duba ban samu ba, amma na sha jin muryarsa ta bayan ƙofa. Takardar da Alhaji Mounkaila ya aiko nema ma shi take jira. Ba zan rubuta shaida da ka ba. In ji daga bakin Baba, in rubuta, in sa hannu."

Muttaƙa ya ce ai haka ya kamata. Ta ce za ta unguwar Ladjifarani gaida gwaggonta, sai bayan la'asar.

Yau kam bai karkato fuskar na'urar wajen kowa ba. Ya jawo labule, ya buɗe baƙin allo, ya buga `ls`. Tafsiri, Hotuna, Wasiƙu. Ya zauna yana kallonsu kamar za su tausaya masa su zama su ke nan. Sannan ya buga `ls -a`, ga shi nan a sama-sama: `.dalibai`. Tsohon ya riƙe darasi. A ciki fayil ɗari biyu da wani abu, kowanne da sunan mutum, an buga su da yatsa ɗaya mai rawa. Nasa yana tsakiya.

Ya sa abin ji a kunne ya kunna. Tari, sannan muryar da ta yi shekara goma tana gyara masa madda.

"Muttaƙa ɗan Awwalu mai goro. Ya tsaya a izu arba'in da ɗaya. Bai sauke ba. Labari ya zo mini cewa a Parakou yana faɗin ya sauke a gabana…"

Ya kashe. Ya tashi ya sha ruwan da aka kawo wa Bilkissou. Ya dawo ya sake kunnawa, ya kashe a daidai wurin. Ya kunna na uku, ko Allah zai sa maganar ta canza. Ba ta canza ba. Fayil ɗin minti huɗu ne, bai taɓa wuce daƙiƙa ashirin ba.

Ya buga umarnin gogewa, yatsansa yana kan maɓallin da zai zartar. A nan ne tsoron Allah ya zo masa, irin nasa. Ya goge muryar malaminsa, mamaci, da hannunsa? A'uzu billahi. Shi ba irin waɗannan ba ne. Ya share haruffan ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake so shi ne muryar ta ɓace ba tare da an rubuta masa zunubin ba, ta mutu da kanta kamar yadda mai ita ya mutu. Kuma ya fi kowa a Parakou sanin yadda ake yin haka. Diski dai mutuwa zai yi. Ba wanda ya ce a kashe shi. Abin da ake bukata kawai a ƙi ɗaukar wani abu daga cikinsa.

Ya haɗa diskin ajiya, ya buga `cp -r *`, ya ƙara inda za a zuba. Tafsiri ya wuce, Hotuna suka wuce, Wasiƙu suka wuce. Mai ɗigo ya zauna inda yake, shi da ɗalibai ɗari biyu da ba su yi masa komai ba. Ya rufe allon, ya kashe na'ura, ya cire tsohon diski, ya sa sabo, ya zuba kayan. Har ya yi alwala ya tafi azahar, kuma a sahun gaba ya tsaya.

Da Bilkissou ta dawo ya nuna mata tafsirin yana tashi tas, ba ƙara ba tsayawa. Ta tambayi na ɗalibai, ya ce duk abin da ke ciki ya zuba, ta je gida ta bincika a natse, mota za ta tashi. Tana naɗe na'urar ta miƙa hannu.

"Tsohon fa?"

A bangon shagon, da jan fentin nan dai, an rubuta "Pièce changée, pièce rendue". Ƙa'idar masu gyara ce, abin da aka cire a mayar wa mai shi don kada ya ce an sace masa, kuma Muttaƙa ya fi kowa tutiya da ita. Ga tela a bakin ƙofa yana cin gyaɗa yana kallo.

"Wannan ai gawa ce, 'yar Malam. Bar shi in jefar."

"Ka jefar? Ayoyin Allah ne a ciki, da muryar Baba. A bola?"

"To, in binne shi da kaina."

"A gidanmu akwai inda muke binne tsofaffin takardun karatu. Can zai je."

Ya sa shi a leda ya ba ta. Ya ce a ransa, rami ma ai rami ne.

Bayan kwana biyu ta kira shi daga Djougou ta ce ba ta ga komai ba. Ya ce abin da ya gani shi ya kwashe, wataƙila ciwon diskin ya riga ya cinye wurin, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sannan ya ce, a hankali, tun da abin ya ɓace, ko za ta rubuta takardar da abin da kowa ya sani? Ta ce za ta yi tunani.

Da a ce gidan Malam ba su da suruka, da Muttaƙa yana jan salla yau. Amma ƙanen Bilkissou yana auren Hamida, wadda ke koyar da ordinatar a wani koleji a garin, mace mai ɗan jiki da ba ta iya barin abu a rufe. Ta tarar an haƙa ramin a bayan ɗakin karatu, ledar tana gefe.

"Yaya, wa ya ce ya mutu?"

"Dokta."

"Doktan wa? Ba ni shi tukuna. Ko mutum ma ai sai an taɓa an ji kafin a yi masa wanka."

Ta haɗa shi da tata na'urar da wata 'yar waya. Ya yi ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya buɗe. Ta buga `ls -a`. Sai da ta kwashe duka, mai ɗigo da marar ɗigo, ta ƙirga fayil na nan da na can ta ga sun yi daidai. Sannan ta ce, "Ga ɗalibanku." Ta kuma buɗe wani ɗan fayil mai ɗigo, `.bash_history`, wanda baƙin allo ke rubuta duk umarnin da aka ba shi a ciki, layi bayan layi. Ta karanta na ƙarshe-ƙarshen, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Su biyu suka saurari fayil ɗin Muttaƙa har ƙarshe. Bayan inda shi yake kashewa, Malam ya yi tari ya ci gaba.

"Ban ƙaryata shi ba, ban kuma gaskata shi ba. A duk waɗanda na koyar ban ga mai kaifin kansa ba. Shekara ɗaya da rabi ta ishe shi ya gama. Saboda shi na fara sa ɗigon nan, don kada yaran gida su buɗe su ji. Ranar da ya dawo, ko ba na nan, a ɗora masa daga inda ya tsaya. Kada a tambaye shi komai."

Ranar sadakar arba'in Muttaƙa ya zo Djougou cikin farar shaddar, tare da Alhaji Mounkaila, wanda ya ce zai yi ta'aziyya ya karɓi takarda a tafiya ɗaya. Bayan an shafa addu'a, ana rabon waina, Bilkissou ta aika a kira shi ɗakin karatun Malam. Ita da Hamida ne kawai, da na'ura a buɗe a kan buzun marigayin.

Bilkissou ta ce, "Yaya, mun samu na ɗalibai. A tsohon diski."

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ashe bai cinye ba."

"Bai cinye ba. Ba a dai ɗauko shi ba. Shi ne nake so in ji yadda aka yi."

Hanya biyu ce a gabansa, kuma ya gan su sarai. Ko ya ce ya gani ya bari, ya zama maci amanar malaminsa. Ko ya ce bai sani ba, ya zama ɗaya daga cikin jakunan bakin tasha. Shekara goma sha biyu yana gina sunan Dokta a kan ɗigon nan. Bai kai ƙiftawar ido ba ya sayar da shi.

"Kuskure ne. Na sa tauraro. Kin san tauraro ba ya… wato aiki ya yi yawa ranar, ban lura akwai ɓoyayye ba."

Hamida ta ce, "Ikon Allah. Dokta, ni fa ɗalibata ta taɓa kai maka na'ura, ta dawo ta yi mini huɗubar tauraro a aji har da kwaikwayon murya. Ashe mai huɗubar bai ji ta ba."

"Madam, kowa yana mantuwa."

"Sosai. Na'ura ce dai ba ta yi." Ta juyo da fuskar wajensa, kamar yadda yake yi wa mutane. "Karanta mana, ko in karanta? `ls`. Sai `ls -a`. Sai ka shiga `.dalibai`. Sai ka kunna mai sunanka. Ka sake. Ka sake. Sannan tauraro. Wannan mantuwar ta yi ladabi, sai da ta saurara sau uku kafin ta zo."

Ya dubi layukan. Ya san fayil ɗin, yana cikin waɗanda yake nuna wa mutane da yatsa yana cewa "ka gani?". Ya yi zaton zai tafi rami tare da sauran.

"Ban goge komai ba," in ji shi. "Ku duba. Wallahi ban goge ba."

Bilkissou ta ce, "Mun gani. Ni ka bar wa in binne, da hannuna. Mutum ɗari biyu, Yaya. Akwai wata a Pélébina da ta sauke tana goyon na biyar, ba ta da wata shaida a duniya sai muryar nan." Ta nuna fayil ɗinsa a allon. "Ka saurara har ƙarshe?"

Ya gyara zaman tabarau.

"Ban yi zato ba." Ta miƙa masa kile, ɗan abin ajiyar nan mai kamar ɗan yatsa. "Naka ne kaɗai a ciki, na sa Hamida ta cire masa ɗigon don kada ka sha wahalar nema. Takarda ba zan rubuta ba. Alhaji kuma ba zai ji komai daga bakina ba, Baba ya rufe, ba ni zan buɗe ba. Akwai saƙo a ƙarshen. In ka ji, ƙofar nan a buɗe take."

Ya karɓa ya jefa a aljihun shadda. A waje ya tarar da Alhaji Mounkaila yana wanke hannu, ya ja shi gefe, ya ce ya yi istihara ya ga shago ba zai bar shi ya riƙe na'ibci da haƙƙinsa ba, a ba wani. Alhaji ya girgiza kai ya ce irin wannan tawali'u ya yi ƙaranci a zamanin nan. A mota har Parakou yana ba fasinjoji labari, Muttaƙa yana sunkuyar da kai yadda ya dace da mai tawali'u.

Har yanzu yana Albarika. Allon yana nan, an ma sabunta fentin. In baƙo ya shiga, mai facin taya yakan leƙo ya ce a yi masa ta tauraro, kuma Dokta yana yi, har da jakunan bakin tasha, har da "ban taɓa barin ɗigo a baya ba". Djougou ce dai bai sake takawa ba, ya ce hanyar tana tayar masa da ciwon baya.

Kilen yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin matattun batura. Sau ɗaya ya taɓa sa shi a na'ura, wata ranar Laraba da ba kowa a benci. Ya buga `ls`, sunansa ya fito shi kaɗai a baƙin allo. Minti huɗu ne. Ya daɗe yana kallonsa, abin ji yana rataye a wuyansa. Sannan ya canza wa fayil ɗin suna, ya mayar masa da ɗigonsa a gaba, ya sake buga `ls`. Allon ya fito wayam. Ya zare kilen ya mayar aljihun tebur, ya ɗaga labule, ya ce wa tela ko akwai sauran gyaɗa.